Haƙoran Yaro a Hannun Mutanen Gida Suke

Maganganu biyu aka fi ji a gidajen Hausawa idan haƙorin yaro ya fara baƙi. Ta farko ita ce, "Ƙyale shi, ai haƙoran nono ne, yana yin famfara wasu za su fito." Idan famfarar ta zo ta wuce, sababbin ma suka fara rami, sai a koma ta biyu: "Gado ne, haka uwarsa ta yi fama." Duk biyun suna da daɗin faɗi, domin kowacce tana wanke manya daga laifi. Ɗaya ta jingina abin ga lokaci, ɗaya ta jingina shi ga jini. Amma likitocin haƙori sun daɗe da sanin cewa yawancin abin da yaro ke gada a wannan fanni a tsakar gida yake gadonsa: a kofin shayin safe, a alewar da ake miƙa masa don ya yi shiru, da abin da ya ga manya suna yi, ko ba sa yi, kafin su kwanta.

Zancen ya fi shafar matasa fiye da kowa. Saurayin da ke shirin aure bana, amaryar da ke ɗauke da cikin fari, ɗalibar sakandaren da ke yi wa ƙannenta wanka kowace safiya kafin ta ɗauki jakarta, duk sun riga sun karɓi ɗabi'un da aka ba su, masu kyau da marasa kyau. Nan da 'yan shekaru kuma su ne za su miƙa wa wasu. Dattijon da ya kai sittin da rabin bakinsa giɓi, gyara kawai ya rage masa. Matashi kuwa yana da damar farawa daga tushe.

Matsalar ba ƙarama ba ce, ba kuma ta ƙasa ɗaya ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki, kuma yara miliyan 514 suna da ruɓewa a haƙoransu na nono. Wannan cuta ce da aka san sanadinta, aka san yadda ake kauce mata, kuma kaucewar ba ta fi ƙarfin talaka ba.

A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan akwai wani bincike da ya shahara a duniya. An ɗauki jarirai 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, ana bin rayuwarsu shekara da shekaru, ana auna lafiyarsu lokaci zuwa lokaci. Da yaran suka kai shekara 5, aka tambayi iyayensu mata yadda lafiyar nasu bakin take. Da yaran suka kai shekara 32, aka buɗe bakinsu aka duba. Waɗanda uwayensu suka ce haƙoransu ba su da kyau, ko ma sun zube, su ne aka samu da ruɓewa mafi yawa da giɓi mafi yawa, bayan kusan shekara talatin. Wani zai ce to ai ga gadon nan. Jini yana da ɗan nasa rabon, ba a musu, domin ƙarfin ɓawon haƙori da yanayin miyau sukan bambanta daga mutum zuwa mutum. Sai dai uwa da ɗanta tukunya ɗaya suke ci, gwangwanin sukari ɗaya suke ɗiba, kuma idan uwa ba ta saba goge baki da dare ba, babu inda ɗan shekara uku zai samo wannan al'ada.

Yana da kyau matashi ya san yadda ramin ke samuwa, don wanda ya gane wannan ba ya buƙatar a yi ta yi masa wa'azi. A bakin kowa akwai ƙwayoyin bakteriya, suna zaune cikin wata dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙori, wadda mutum ke ji da harshensa idan ya tashi barci. Da zarar sukari ya shiga baki, waɗannan ƙwayoyi sai su ci, su fitar da asid. Cikin 'yan mintoci tsamin ya kai matsayin da zai fara zaizaye farin ɓawon haƙori, wanda shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam. Miyau ne ke zuwa ya kashe tsamin, ya mayar wa haƙorin ma'adinan da ya rasa, amma aikin yana ɗaukar rabin awa, wani lokaci har awa guda. Idan aka ƙyale baki ya huta tsakanin cin abinci da cin abinci, gyara ya fi ɓarna. Idan kuwa kafin miyau ya gama aikinsa an sake jefa minti, sannan cingam, sannan kurɓin lemo, to haƙorin yana jiƙe cikin tsami tun safe har dare. Da farko wani farin layi kamar alli zai bayyana a gindin haƙori kusa da dasashi. Daga nan ya koma ruwan ƙasa, ya buɗe rami, ramin ya isa jijiya. A nan ne ake kwana zaune da yaro yana riƙe da kunci.

Waɗannan ƙwayoyi ba a haihuwar jariri da su. Yawanci daga bakin mai rainonsa yake samu, ta cokalin da aka ɗanɗana koko da shi aka sa masa, ko loma da aka tauna aka ba shi. Ba cewa ake uwa ta daina sumbatar ɗanta ba. Abin nufi shi ne uwar da ke da ruɓaɓɓen haƙori a bakinta ta fi yawan ƙwayoyin da za ta ba shi, don haka gyara nata bakin wani ɓangare ne na kula da nasa. Mata da yawa dasashinsu kan kumbura ya riƙa jini lokacin goyon ciki, sai su daina gogewa don tsoron jinin, alhali barin gogewar ne ke ƙara kumburin. Mai ciki tana iya ganin likitan haƙori, ta dai gaya masa tana da ciki.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa yawan maimaita zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa illa ta fito ne ta wata hanya mara daɗin ji. Tsakanin 1945 da 1955, a asibitin Vipeholm da ke Lund a ƙasar Suwidin, an yi gwaji a kan ɗaruruwan masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ke zaune a can, ba tare da sun san abin da ake yi da su ba. Wasu an ba su sukari tare da abinci. Wasu an ba su alewa mai danƙo har guda 24 a rana, suna ci tsakanin abinci. Na farkon haƙoransu ba su lalace sosai ba, na biyun kuwa suka ragargaje. Yau babu hukumar da za ta yarda a yi irin wannan gwaji, kuma 'yan Suwidin kansu suna kallonsa a matsayin abin kunya. Amma abin da iyayen ƙasar suka yi da sakamakon ya cancanci a duba. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka fara ba iyaye shawarar su tara wa yara alewarsu zuwa rana ɗaya a mako, ranar Asabar. Shawarar ta zauna har ta zama al'ada, kuma har yanzu yaron Suwidin ya san ranar alewa Asabar ce. Ba a hana yara zaƙi ba, an dai yanka masa lokaci, kuma iyaye ne suka riƙe wannan doka a gidajensu.

Yanzu a dubi yinin yaro ɗan firamare a Kano, ko Katsina, ko Maraɗi. Ya karya da shayi ko koko da aka zuba wa sukari har sai cokali ya ji nauyi. An ba shi kuɗin tara, ya sayi alewar madara ko iloka a bakin makaranta. An tashi, ya tsotsi ƙanƙarar zoɓo a hanya. Da yamma kafin Islamiyya ya sami biskit. Baƙo ya zo gaida mahaifinsa, ya zaro minti daga aljihu. Da daddare Baba ya dawo da tsarabar lemo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ke nufin yaron da sharri, kowa ƙauna ce ya nuna. Amma a lissafin haƙori, tun asuba bakin yaron bai sami hutun awa biyu a jere ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni a 2015: sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana, in da hali ma a sauko ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25, ko cokalin shayi 6. Gwangwanin lemo ɗaya kan ɗauki har giram 40, kusan cokali 10. Gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari a dokar kuɗi ta 2021. Naira goma ba za ta hana uba sayo wa ɗansa lemo ba. Harajin da ke aiki shi ne wanda uwa ke sawa da bakinta idan ta ce, "A bari sai an ci abinci."

Mafi muni a cikin duka ita ce fida. Jaririn da aka kwantar da fida a baki, cike da shayi ko madara mai sukari ko lemo, yana barci ruwan zaƙi na taruwa a bayan leɓensa na sama. Da dare miyau yana raguwa sosai, don haka babu mai wanke masa. Shi ya sa ake ganin yara 'yan shekara biyu ko uku da haƙoran gaba na sama guda huɗu sun cinye sun zama baƙaƙen kututture, na ƙasa kuma suna nan lafiya saboda harshe ya kare su. Wanda ya taɓa ganin irin wannan baki ba ya mantawa. Yaron da bai kai shekara biyu ba ba ya buƙatar a ƙara masa sukari a komai, kuma harshen da aka saba wa da koko mai ɗan tsaminsa ba ya neman wanda aka cika wa zaƙi. Manya ne ke ɗanɗanawa su ce "bai ji ba," su ƙara.

A nan amarya kan gamu da cikas, domin a gidan Bahaushe ba uwa kaɗai ke renon yaro ba. Akwai kaka, wadda ƙullin alewa a bakin zaninta wani ɓangare ne na sarautarta a wurin jikoki. Akwai gwaggo, akwai kawu, akwai maƙwabta. Sabuwar uwar da ta tashi ta kafa doka da kakkausar murya za ta sha "mu da muka rene ku ba mu san reno ba?" Dabara ta fi faɗa. Ana iya karɓar alewar da hannu biyu a yi godiya, a ce, "Hajiya, bari in ajiye masa sai ya ci tuwonsa." Ana iya sa uban yaron ya yi wa mahaifiyarsa bayanin da kansa, tunda daga bakinsa maganar ta fi sauƙin shiga. Kuma kaka ta fi kowa sanin abin da aka taso da shi kafin kanti ya cika unguwa: gyaɗa, gurjiya, aya, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, awara, kindirmo ba sukari. Idan aka roƙe ta ta riƙa ajiye wa jikan irin waɗannan, an bar mata matsayinta na mai kyauta, an kuma tsare haƙoran.

Ta fuskar tsabtace baki, Bahaushe ba baƙo ba ne. Aswaki sunna ce da kowane ɗan makarantar allo ya sani, kuma hadisai ingantattu sun nuna yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da yin sa a lokacin kowace salla. Daga saiwar itacen arak da alhazai ke kawowa tsaraba zuwa reshen darbejiya da ake karyowa a bakin hanya, aswaki yana cire dauɗa sosai idan an iya riƙe shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan amfani da shi tun cikin shekarun 1980 a wuraren da aka saba da shi. Matsalar ita ce yadda yara ke ganin ana yi. Da yawa aswakin yana maƙale a gefen baki ana hira, a ɗan goga haƙoran gaba, na ciki da bayan haƙora ba a leƙa su ba. Yaron da ya tashi yana ganin haka zai ɗauka aikin ke nan. Gawayi da toka da gishiri kuma, duk da farin da suke sawa na ɗan lokaci, kankare ɓawon haƙori suke yi, kuma ɓawon da ya tafi ba ya dawowa.

Abin da aswaki ba zai iya bayarwa daidai gwargwado ba shi ne fuloraid, sinadarin da ke cikin makilin, wanda ke shiga ɓawon haƙori ya ƙara masa juriya ga asid. Babu gaba tsakanin biyun: aswaki da rana wajen alwala, buroshi da makilin safe da dare. Ana farawa ne tun ranar da haƙorin farko ya ɓullo, wajen wata shida, da buroshi ƙarami mai laushi. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. A duba jikin kwalin a ga an rubuta akwai fuloraid aƙalla 1,000 ppm. A goga na minti biyu, a tofar, kada a bi da kurkure da ruwa mai yawa, don kurkurewar tana wanke maganin da ake so ya kwana a kan haƙori. Wannan na ƙarshen yakan ba mutane mamaki, saboda kusan kowa an koya masa ya kurkure har sai bakin ya daina kumfa.

Akwai dalilin auna makilin da hana yaro haɗiye shi. Fuloraid idan ya yi yawa a jikin yaro lokacin da haƙora ke ginuwa, yakan bar musu dabbare-dabbare fari ko ruwan ƙasa. Mutanen Tibiri kusa da Maraɗi sun ga mafi munin wannan: daga 1985 garin ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai fuloraid da ya ninka ma'aunin miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe. A wasu yankunan jihohin Gombe da Filato ma ana ganin rinannun haƙora saboda ruwan ƙasa. Ɗan abin da ke kan buroshi bai kai ko kusa da wannan ba, amma ya isa dalilin da babba zai matsa makilin da hannunsa maimakon ya bar wa yaro ya lashe.

Gogewar dare ita ce wadda aka fi sakaci da ita, ita ce kuma ta fi amfani. Yawancin gidaje an ɗauki goge baki a matsayin maganin warin safe, abin da ake yi don kada a kunyata cikin mutane. Da dare ba wanda zai ji wari, sai a kwanta da tuwo da shayi a tsakanin haƙora, a ba ƙwayoyin cuta awa takwas ba miyau mai tsawata musu. Gidan da zai canja abu ɗaya tak, wannan ya kamata ya canja. Bayan sallar isha'i lokaci ne da kowa ke gida, kuma abin da aka ɗaura wa salla ba ya saurin ɓacewa.

Sannan wa ke riƙe buroshin? Yaro ɗan shekara huɗu da aka miƙa wa buroshi aka ce "je ka wanke bakinka" tsotsar makilin kawai zai yi ya dawo. Hannunsa bai ƙware ba tukuna. Likitoci suna ba da shawarar babba ya goge masa, ko ya tsaya a kansa ya ƙarasa masa, har ya kai shekara 7 ko 8. A zaunar da shi a cinya, kansa jingine da ƙirjin mai gogewa, a ɗaga leɓe a bi gindin haƙora. Zai yi kuka kwanakin farko kamar yadda yake kukan wanka, ba a kuma taɓa daina yi wa yaro wanka don yana kuka ba. Wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Uban da ya tsuguna a bakin rariya da buroshinsa, 'ya'yansa na gefensa da nasu, ya koyar da abin da faɗan shekara ba zai koyar ba. Kowa da nasa buroshin, ba a aro, kuma a sauya shi bayan kamar wata uku ko idan gashinsa ya baje.

A koma kan waccan magana ta "wasu za su fito." Haƙoran nono guda 20 ne, suna gama fitowa wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, kuma na ƙarshensu ba sa faɗuwa sai yaro ya kai 11 ko 12. Turmin da ya ruɓe yana ɗan shekara huɗu, ke nan shekara bakwai ko takwas zai yi yana tauna a kansa. Yaron da ke jin zafi ba ya cin abinci sosai, ba ya barci sosai, ba ya fahimtar karatu. Idan aka cire haƙorin kafin lokacinsa, maƙwabtansa sukan matso su cike gurbin, na dindindin ya zo bai sami wuri ba ya fito a karkace. Ƙurjin da ya taru a gindin na nono kuma yana iya taɓa wanda ke ginuwa a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma wani haƙori da ke yaudarar iyaye. Wajen shekara 6, turame huɗu na dindindin suna fitowa can ƙurya, a bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Da yake hankalin kowa yana kan giɓin gaba, ana tsokanar yaro kada ya bari ƙadangare ya gani, ba a lura da su. Idan suka fara rami sai a ce na nono ne. Ba su da magaji, kuma su ne ginshiƙin tauna har tsufa. Haka idan yaro ya faɗi a wajen ƙwallo haƙorinsa na dindindin ya fita gaba ɗaya, yayan da ke wurin ya ɗauke shi ta kai, kada ya taɓa saiwar, ya jefa shi cikin madara, a garzaya wurin likitan haƙori cikin awa guda, domin sau da yawa ana iya mayar da shi ya kama. Na nono ne ba a mayarwa.

Wata ɗabi'ar da ake gada ita ce ɗora wa fitowar haƙori kowace irin rashin lafiya. Jariri na zawo, jikinsa ya yi zafi rau, sai a ce "haƙori ne," a zauna. Fitowar haƙori tana kawo dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma zazzaɓi mai zafi da gudawa alamun wata cuta ce dabam da ta zo daidai da lokacin da yaro ya fara rarrafe yana kai komai baki. Wannan fahimta ta jawo asarar rayuka. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara aƙalla 84 suka mutu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda aka gano ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, har hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, kotu kuma ta ɗaure wasu ma'aikatansa. Iyayen yaran sauƙi suka nema wa 'ya'yansu daga abin da tsabtataccen yatsa a kan dasashi zai iya lallashi. Haka kafson nan ja da yalo, tetarasaikilin, da wasu ke fasawa su jiƙa wa yaro mai zawo: idan aka ba wanda bai kai shekara 8 ba, yana shiga haƙoran da ke ginuwa ya rina su rinin da buroshi ba ya fitarwa.

Tsoro ma a gida ake koyonsa. "Ka yi shiru ko in kai ka a yi maka allura." "Ci gaba da shan zaƙi, likita zai fizge haƙorin da filaya." Yaron da aka rena da irin waɗannan kalamai zai girma yana ganin kujerar likitan haƙori wurin horo ce, ya zama babban da ke cusa ƙwayar asfirin ko auduga da fetur a rami, ko ya tsaya gaban mai magani a kasuwa ana yi masa turare ana nuna masa "tsutsar" da ta fito. Babu tsutsa a cikin haƙori. Asfirin da aka danna a dasashi ƙona shi yake yi. Kanumfari yana ɗan kwantar da zafi, gaskiya ne, amma ba ya toshe rami. Likitocin haƙori sun yi ƙaranci a arewa, akasarinsu kuma a manyan birane suke, ko da yake jami'o'i irin su Bayero ta Kano da ta Maiduguri suna yaye sababbi. Wanda ke kusa da asibitin da ke da sashen haƙori ya kai yaro tun ba ya jin ciwon komai, tun wajen shekara ɗaya, a duba a sallame shi yana dariya. Wanda ke nesa, aikin rigakafin gida ya ƙara zama wajibi a kansa.

A wasu ƙauyukan kuwa maganar ta wuce ta rami da giɓi. Wani ciwo da likitoci ke kira noma yana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yana farawa da abin da kowa zai raina, kumburin dasashi da jini da warin baki, amma cikin kwanaki kaɗan ya ci kunci da leɓe har ƙashi, kuma idan ba a yi magani ba yana kashe kusan tara cikin goma. Idan aka kama shi da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don wannan cuta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. Uwar da ta saba buɗe bakin ɗanta kullum don gogewa ita ce za ta fara ganin alamar, kwanaki kafin kunci ya kumbura.

Matashin da bai yi aure ba kada ya ce zancen bai iso kansa ba. A yawancin gidaje yaya ce ke shirya ƙanne, yaya ne ake aike kanti, kuma abin da Yaya ya yi shi ne abin burgewa a idon ƙarami. Duk mai ƙane ko ƙanwa ko ɗa a gida, yau bayan isha'i ya kira shi gaban fitila, ya ɗaga masa leɓen sama, ya leƙa har ƙurya. In ya ga farin layi a gindin haƙori, ko baƙin ɗigo a kan turmi, ko dasashi mai jini, ya gaya wa iyaye a nemi asibiti cikin makon nan. In bai ga komai ba, ya ɗauko buroshi biyu, nasa da na yaron, su fara tare.